Jita Ba Ta Shan Fetur: Abin Da Muka Koya Daga Bongos Ikwue Da 'Yan Groovies

Yau za mu ɗan kauce wa abin da muka saba kawowa, mu yi zancen kiɗa. Wanda ya ga kan maganar ya ce ina ruwan wannan shafi da makaɗin jita, muna roƙonsa ya yi haƙuri ya bi mu har ƙarshe.

Abin da ya jawo wannan rubutu ƙaramin abu ne. Wata ranar Asabar da yamma, cikin hunturu, matasanmu a nan Gumel suka taru domin koyon waƙa kamar yadda suka saba. Ba a daɗe da farawa ba sai aka ɗauke wuta. Aka je wajen janareto, aka tarar babu ko ɗigon mai a ciki, kuɗin saye kuwa babu, gama kowa ya san yadda farashin fetur ya zama tun da aka janye tallafi a watan Mayu na 2023. Kibod ya yi shiru, lasifika ta yi shiru, sai yara suka fara naɗe wayoyi suna cewa, "Malam, sai wani makon." Muka ce su dakata. Muka shiga ɗakin ajiya muka ɗauko wata tsohuwar jita da ta sha ƙura, tsirkiya biyar suka rage mata cikin shida, muka ɗaure ta yadda ta samu. Garin gwada ko ta ɗauru, sai hannu ya tafi kan wani kari da muka sani tun muna yara, ba da niyya ba.

Akwai wani dattijo, tsohon malamin makaranta, yana zaune a bakin ƙofa yana jiran jikarsa. Da jin karin nan sai ya ɗaga kai, ya soma binsa da murya ƙasa-ƙasa, har ƙarshe bai ɓata ko gaɓa ɗaya ba. Sa'an nan ya ce, "Ɗana, rabona da jin wannan ya fi shekara talatin." Yaran suka dubi juna. Wata daga cikinsu ta ce, "Baba, waƙar wace ƙasa ce wannan?"

Tambayar ta ba mu dariya a lokacin, amma da muka koma gida sai ta dame mu. Waƙar ƙasarmu ce. Mai ita kuwa a Zariya ya yi karatu, a nan Arewa ya koyi riƙon jita, iyayenmu sun tashi da muryarsa a kunne, ga shi jikokinsu ba su taɓa jin ko sunansa ba. Sunansa Bongos Ikwue, ƙungiyar makaɗansa kuma ana ce da ita The Groovies.

Daga Otukpo Zuwa Zariya

An haifi Bongos Ikwue ran 6 ga watan Yuni na 1942 a Otukpo, babban garin mutanen Idoma, cikin Jihar Binuwai ta yanzu. A zamanin nan babu Jihar Binuwai, sai a 1976 aka ƙirƙiro ta. Ƙasar Idoma tana cikin Jihar Arewa ne mai hedkwata a Kaduna, inuwa ɗaya da Kano da Jos da wannan ƙasa tamu ta Lautai. Saboda haka idan muka ce ɗan Arewa ne, ba ara masa riga muka yi ba.

Yana yaro ya tafi Zariya, ya shiga makarantar St. Paul's, wadda yawancin masu karatunmu suka san labarinta tare da labarin Wusasa, wadda kuma daga baya aka sake mata suna Kwalejin Kufena. An ce tun a can abokansa suka yi masa laƙabi da "Forge", domin kullum yana cikin ƙera waƙoƙi na kansa maimakon ya tsaya ga na waɗansu. Daga nan ya ci gaba da karatu a Okene, inda shi da abokansa biyu suka kafa 'yar ƙungiya mai suna Cubana Boys. Ya sāke komowa Zariya, wannan karo Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, wadda aka buɗe a 1962, domin karatun injiniya. A can ma bai ajiye jita ba. Ya kafa ƙungiyar UniBello Brothers, sunan da aka samo daga sunan jami'ar, yana kuma rera waƙa tare da waɗansu malaman jami'a masu son waƙoƙin gargajiyar Turawa.

A 1967, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke, ya kafa The Groovies. Bayan da yaƙi ya ƙare a watan Janairu na 1970, kamfanonin faifai da ke Ikko suka shiga neman sababbin makaɗa, kamfanin EMI kuwa ya ɗauke shi. Sai a tuna irin kasuwar da ya shiga. Fela yana nan da ƙahoninsa da gangunansa masu girgiza ƙasa. Ebenezer Obey da Sunny Ade suna riƙe da ƙasar Yarbawa. A 1976 Prince Nico Mbarga ya fito da "Sweet Mother", ta cika kowane lungu. A nan Arewa kuma ga Alhaji Mamman Shata da kalangunsa, ga Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, ga Bala Miller da babbar ƙungiyarsa a Kaduna. Kowa da ƙarfin amonsa. Bongos bai yi ƙoƙarin ya fi su ƙara ba. Ya rage murya ne, sai mutane suka matso domin su ji. Ɗaya daga cikin faya-fayansa na farko ma sunansa "You Can't Hurry the Sunrise", wato ba a sa rana ta yi saurin fitowa. Wannan suna kaɗai ya isa ya bayyana halin kiɗansa duka. A 1978 ya fitar da "Still Searching", wadda har yau in an ambaci sunansa ita ce take fara zuwa bakin mutane.

Kaset Ɗin Baba

Mu kam ba mu ga zamanin faifan garmaho ba. A kaset muka gāje shi. Mahaifinmu yana da wata rediyo mai kaset, mai cin batir shida, wadda ba mai taɓa ta sai shi. A cikin akwatinsa akwai kaset ɗin Jim Reeves, da na Don Williams, da na Ɗan Maraya, da kuma guda biyu na Bongos Ikwue da takardar jikinsu ta koɗe don yawan riƙo. Duk wanda ya tashi a gidan malami ko ma'aikacin asibiti ko ɗan sanda a Arewa cikin waɗannan shekaru, ya san irin wannan akwati.

Da asuba, kafin a fita, Baba yakan sa kaset ɗin a hankali yana aski a tsakar gida. Mama tana hura wuta, mu kuma muna fama da sanyi muna jiran koko. Ba mu san ma'anar kalmomin ba a lokacin, amma mun san inda jita za ta shigo, mun san inda muryar za ta sauka. Idan batir ya yi sanyi sai muryar Bongos ta ƙara kauri tana ja kamar mai jin barci, Baba ya ciro batir ɗin ya shanya a rana. Domin tattalin batir kuma ba a mayar da kaset baya da rediyo, sai a zura biro a cikin ramin a yi ta juyawa. Wannan aiki namu ne, muna kuma faɗa a kansa.

Wata rana muka saci hanya muka kunna rediyon Baba ba ya nan, sai ta cinye zaren kaset ɗin. Garin ciro shi ya tsinke. Ranar ba wanda ya ci tuwo da daɗi. Baba bai doke mu ba. Ya zauna a gaban fitila da reza da jan farcen Mama, ya yanke inda ya tauye, ya haɗa bakin zaren biyu. Kaset ya ci gaba da aiki, amma daga ran nan akwai wani wuri a tsakiyar "Still Searching" da waƙar takan yi tsalle. Har yau idan muka ji ta cikakkiya a waya, kunnenmu yakan jira tsallen nan, in bai zo ba sai mu ji kamar an yi kuskure.

Me Ke Cikin Wannan Kiɗa?

Kada a ce ƙaunar Baba ce kawai ta rufe mana ido. Bayan da muka girma muka koyi jita da kanmu, mun zauna mun kwance waƙoƙin nan ɗaya-ɗaya kamar yadda bakanike yake kwance inji, domin mu ga abin da ke sa su tafiya. Ga abin da muka samu.

Na farko, karin waƙar yana iya tsayawa da ƙafarsa. A cire ganga, a cire jita, a cire kome, a bar mutum da bakinsa kaɗai, zai iya rera ta yana tafiya gona, wanda ya ji kuma zai gane ta. Wannan shi ne abin da dattijon nan ya nuna mana a bakin ƙofa. Shekara talatin bai ji waƙa ba, amma tana nan a ajiye cikin kansa kamar hatsi a rumbu. A gwada wannan da yawancin waƙoƙin da ake haɗawa a kwamfuta yau. Idan aka kashe bugun, sau da yawa ba abin da yake saura.

Na biyu, ba ya wahalar da hannu. Makaɗa suna da abin da suke kira kod, wato a danne tsirkiya biyu ko uku a lokaci ɗaya domin su ba da amo guda mai daɗi. Da kod uku ko huɗu mutum zai iya raka waƙoƙin Bongos da dama daga farko har ƙarshe. Waɗansu za su ce ai wannan rashin gwaninta ne. Mu kuwa muna cewa a dubi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Tsirkiya ɗaya tak ke jikin kuntigi, amma da ita ya waƙe karen mota da talaka da zaman aure, har duniya ta san shi. Garaya tsirkiya biyu gare ta, molo uku. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa ba yawan tsirkiya ke yin makaɗi ba. Wuyar aikin ita ce a sami kari mai sauƙi wanda ba ya gundura, wannan kuwa ba kowa Allah ya ba ba.

Na uku, kowane makaɗi a cikin Groovies ya san matsayinsa. A kasa kunne da kyau. Jita ɗaya tana riƙe da taki, ba ta sauri ba ta nawa, kamar mace mai daka da ta san hannunta. Babbar jita mai kaurin murya, wadda ake kira bes, tana tafe a ƙasa kamar harsashin gini. Mai ganga yana taɓawa ne kawai, ba ya dūka. Sa'an nan ga jita ta biyu, mai zaƙin murya, wadda ba ta magana sa'ad da mawaƙi yake magana. Sai ya kai ƙarshen layi ya ja numfashi, sa'an nan ta amsa masa da 'yan kalmomi kaɗan ta koma ta yi shiru. Duk wanda ya saba jin Shata da 'yan amshinsa zai gane wannan tsari nan da nan. Jitar ce 'yar amshi. Mun sha gaya wa matasanmu cewa rabin kiɗa shi ne sanin lokacin da za ka ɗauke hannu.

Na huɗu, murya ce a gaba, kayan kiɗa suna baya. Muryar Bongos mai taushi ce, mai ɗan kauri, ba ya ihu, ba ya haɗiye kalmomi. Ko wanda Turancinsa na aji shida ne yana iya tsintar abin da ake faɗi. Wannan ne ya sa mutanen da suke ƙaunar Jim Reeves da Don Williams suka karɓe shi hannu biyu. Sun sami irin wannan natsuwa, amma a bakin ɗan gida, wanda ya san ƙurar hunturu da ƙamshin ruwan farko.

Na biyar, bai yar da harshen uwarsa ba. Kusa da waƙoƙinsa na Turanci akwai na Idoma, kamar "Otachikpokpo", inda takin yakan ƙara zafi, ƙafa ta soma motsi da kanta. Ba mu jin Idoma ko kaɗan, amma mun lura da wani abu. Idoma, kamar Hausa, harshe ne da hawa da saukar murya suke canja ma'anar kalma. Mai waƙa da irin wannan harshe ba shi da ikon ya ja kalma inda ya ga dama, tilas kari ya bi maganar. Mawaƙanmu da suke ɗauko karin waƙar Turawa su cusa masa kalmomin Hausa da ƙarfi, har "gàrī" ya koma "gā̀rī", wato birni ya zama abin tuwo, suna da darasi a nan.

Carar Zakara Da Asuba

Karin da muka kaɗa a ranar Asabar ɗin nan shi ne na "Cock Crow at Dawn", wato carar zakara da asuba. Waƙar buɗe wani wasan kwaikwayo ce da Hukumar Talabijin ta Nijeriya, NTA, ta fara nunawa a 1980. A wajajen Jos aka ɗauke shi, bankin UBA ya ɗauki nauyinsa, Peter Igho da Matt Dadzie kuma suna cikin manyan waɗanda suka tsara shi. Zamanin kiran jama'a zuwa gona ne. Gwamnatin Janar Obasanjo ta kawo shirin ciyar da ƙasa a 1976, ta Alhaji Shehu Shagari kuma ta biyo da nata shirin bunƙasa noma a 1980.

Labarin wani magidanci ne mai suna Bello, wanda zaman birni ya ƙi masa, ya kwashe iyalinsa ya koma ƙauye ya kama noma. George Menta ne ya fito a Bello, Ene Oloja ta fito a matarsa Zemaye. Sadiq Daba, wanda ya rasu a 2021, shi ne Bitrus, yaron nan mai rawar kai. Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, shi ne Kawu Gaga da kowa yake jin haushinsa. Ba a haife mu ba sa'ad da aka fara nuna shi, daga bakin iyayenmu muka sha labarin. Sun ce a unguwar da talabijin ɗaya ce tak, da an ji jitar Bongos ta tashi sai yara su sheƙa a guje, tsakar gidan mai talabijin ta cika har ƙofa.

A lura da sunayen nan: Bello da Bitrus a cikin labari ɗaya, ƙasa ɗaya suke nomawa, ba wanda ya ga abin mamaki a ciki. A lura kuma da abin da waƙar ta yi wa manomi. Ba ta yi masa ba'a ba, ba ta kuma yi masa ƙaryar cewa noma hutu ne ba. Kiɗan yana da sanyin asuba, yana kuma da ɗan nauyin zuciya irin na mutumin da ya fita da fartanya bai san abin da damina za ta yi masa ba.

Mu mutanen Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar mun san wannan nauyin zuciya. Daminarmu gajeruwa ce, ƙasarmu jigawa ce, ruwa in ya yi jinkiri mako biyu sai gero ya soma naɗe ganye. Duk da haka daga wannan rairayi ake fitar da gero da dawa da wake da gyaɗa, da riɗi da zoɓo waɗanda ake lodinsu har ƙasashen waje. Kowace Alhamis kasuwar Maigatari takan cika da shanu da raƙuma da tumaki daga ciki da wajen iyaka. Amma a tambayi samarinmu goma abin da suke so su zama, da wuya a sami biyu da za su ce manomi. Da an gama girbi sai ci-rani, waɗansu kuma daga ci-rani ba su komowa. Ba mu ce waƙa ce za ta riƙe saurayi a gona ba, taki da iri da farashi mai kyau su ne za su riƙe shi. Amma abin da mutum yake ji kullum a kunne yana gyara masa abin da yake gani da daraja. Idan dukan waƙoƙin da ke cikin wayarsa na mota ne da kuɗi da birni, ran da ya riƙe fartanya zai ji kamar an ci masa mutunci. An yi zamani a ƙasar nan da waƙar da ta fi kowace shiga gidaje ta na-duƙe ce, tsohon ciniki.

Inda Ake Kuka Da Shi

Gaskiya ɗaya ce, ba za mu ɓoye abin da ake faɗi ba. Matasa sun ce mana kiɗan yana sa barci, ba a iya rawa da shi a biki. Akwai gaskiya a ciki, ba dukansa ne na rawa ba. Amma ba kowace sa'a ce sa'ar biki ba. Akwai sa'ar da mutum yake komowa daga jana'iza, akwai sa'ar da yake zaune shi kaɗai yana lissafin kuɗin makaranta. A irin wannan sa'a ba mai bugun ƙirji kake nema ba, mai zama kusa da kai kake nema.

Iyayenmu mata kuma sun ce ba su jin abin da yake faɗi, gama da Turanci da Idoma yake yi. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa a ƙauyukanmu bai taɓa kai matsayin Shata ko Ɗan Maraya ba. Kiɗan 'yan boko ne da ma'aikata, ba mu musu. Sai dai wannan ba laifinsa ba ne, kowa da harshen da aka haife shi a ciki. Giɓin da ya bari namu ne mu cike.

Wani dattijo kuma ya taɓa jan mu gefe ya ce, "Malam, kai da kake koyar da yara, me ya haɗa ka da waƙoƙin duniya?" Muka amsa masa da ladabi cewa ba mu kawo su cikin sujada ba, ba kuwa za mu kawo ba, kowane abu da wurinsa. Amma yaranmu suna jin waƙa dare da rana ko mun so ko mun ƙi. In ba mu nuna musu mai kyau ba, ba za su san yadda za su rarrabe ba. Yawancin waƙoƙin Bongos na ƙauna ne da haƙuri da neman abokin zama na gaskiya. Ba mu taɓa jin wadda za mu yi sauri mu kashe don Mama ta shigo ɗaki ba. Waƙoƙi nawa ne na yau za su ci wannan jarrabawa?

Bayan Dogon Shiru

Shekaru da yawa Bongos ya janye daga fagen kiɗa ya kama waɗansu sana'o'i, har waɗansu suka ɗauka ya ajiye jita ke nan. Ashe da sauran magana. A 2010 aka fitar da fim mai suna "Inale", wanda aka gina a kan tatsuniyar wata gimbiyar Idoma. 'Yarsa Keke ce ta shirya shi, Jeta Amata ya ba da umarni, waƙoƙin Bongos kuma su ne ƙashin bayan fim ɗin. A 2011 ya ci lambar yabo ta finafinan Afirka, AMAA, a fannin kiɗa. A 2013 kuma, yana da shekara 70 da 'yan kai, ya fito da sabon faifai mai suna "Wulu Wulu" tare da sabuwar ƙungiya da ya kira Double X.

A cikin wannan faifai akwai waƙar da muke so kowane mai karatu ya nema ya ji, sunanta "Mustapha and Christopher". Sunayen biyu sun riga sun faɗi zancen. Kuka ne a kan yadda maƙwabta suke tashi wa juna da sunan addini. Mu da muke zaune a tsakiyar 'yan'uwanmu Musulmi, rijiya ɗaya, kasuwa ɗaya, motar haya ɗaya zuwa Kano, ba mu bukatar a fassara mana. Mutumin da ya yi kiɗan labarin Bello da Bitrus a 1980, shi ne bayan shekara talatin da uku ya ga tilas ya yi waƙar Mustapha da Christopher. Mai hankali ya auna abin da ya faru da ƙasar a tsakanin waƙoƙin nan biyu. Abin lura kuma, ko a nan bai ɗaga murya ba. Da taushin da ya yi waƙar ƙauna, da shi ya yi wannan.

Roƙonmu

Za mu rufe da roƙo uku. Na farko ga iyaye. A buɗe akwatunan nan. Zaren kaset ba ya dawwama, zafi da ƙura suna cinsa. A sa yara su nemo waƙoƙin a waya, a zauna tare a ji, a gaya musu inda aka fara jin kowace. Waƙa ba ta ratsa zuciyar yaro sai an haɗa masa ita da labari.

Na biyu ga shugabannin ƙungiyoyin mawaƙa. Kusan kowane wuri akwai jita a rataye a ɗakin ajiya. A sauko da ita. Kuɗin sababbin tsirkiyoyi a Sabon Garin Kano bai kai na man da janareto yake sha cikin 'yan makonni ba. A kiyaye ta daga rana, a sassauta tsirkiyoyin in za a daɗe ba a kaɗa ba, musamman da hunturu sa'ad da katako yake bushewa ya tsage. Ba mu ƙi kibod ba, yana da amfaninsa. Amma ƙungiyar da ba ta iya waƙa sai da wuta, ranar da aka ɗauke wuta an ɗauke mata baki.

Na uku ga matasa. Ba mu ce ku zama Bongos Ikwue ba, shi ma bai zama Jim Reeves ba. Ku koyi kod uku, ku ƙera kari na kanku, ku sa masa Hausa mai kyau wadda kakarku za ta ji ta gane. Ku waƙe gero da rijiya da hanyar Maigatari. In kun gama ku gwada ta haka: ku ajiye jitar, ku rera da baki kaɗai. In ta tsaya, waƙa ce.

Yarinyar nan da ta tambaya ko waƙar wace ƙasa ce, yanzu ita ce take zuwa da wuri kowace Asabar domin ta riga sauran ɗaukar jita. Yatsunta sun yi kanta, ta iya kod biyu, tana fama da na uku. Mun sayo tsirkiya ta shida. Kakanta kuwa har yanzu yana zama a bakin ƙofa, sai dai ya daina cewa ta yi sauri su tafi gida.

Da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya ba mu kunnen ji, ya kuma kai mu wani makon lafiya.